"Jikin Girma Ne, Sai Haƙuri": Hukuncin Da Ke Raba Dattawan Kudancin Kano Da Magani

Duk wanda ya san ƙasar nan ta kudancin Kano, wadda ta tashi daga Bebeji da Kiru, ta gangara Tudun Wadan Ɗankadai, ta ratsa dajin Falgore, har ta je ta dangana da duwatsun Riruwai a Doguwa, ya san cewa in mutanenta suka zauna lissafin abin da suke tinƙaho da shi, to bayan masara da shinkafa da rake, girmama na gaba ne zai biyo. Domin har gobe yaro ba ya gaida dattijo a tsaye, ba a ɗaura aure ko a raba gado ko a sasanta rigimar iyakar gona sai masu furfura sun zauna, kuma matar ɗa ba ta kama sunan surukarta ko da a bayan idonta ne. Wannan duk gaskiya ne, ba ni kuwa da nufin tauye shi ko da ƙwayar zarra. Sai dai akwai wuri guda da wannan girma yakan raka dattijo har bakin ƙofa, sa'an nan ya tsaya a waje, watau ɗakin da ake duba marasa lafiya. A can ne mutumin da gari duka ke jin maganarsa zai kawo kukan cewa idonsa ya dushe, ko gwiwarsa ta ƙi tanƙwasuwa a sujada, ko fitsari yana tashinsa sau shida kafin asalatu, a saurare shi cikin ladabi, a ce masa, "Baba, ai jikin girma ne, sai haƙuri," a rubuta masa farasitamol da maganin ƙarin jini, a kira na bayansa.

Ba da mugun nufi ake faɗin wannan magana ba, shi ya sa take da wuyar kamawa. Malamin asibitin da ya faɗe ta yana ganin lallashi ya yi. Ɗan da ya goyo mahaifinsa a babur yana jin ta sai hankalinsa ya kwanta, don ta sauke masa nauyin tafiya Kano. Shi kansa tsohon, wanda ya tashi a kan cewa yawan koke ba halin manya ba ne, yakan karɓe ta da hamdala, wani lokaci ma shi ke riga kowa furta ta. Ga mutum uku sun yi ittifaƙi a kan hukunci guda, alhali ba a auna jini ba, ba a leƙa cikin ido ba, ba a gwada fitsari ba.

Mafi yawan masu wannan hukunci, in ka matsa musu, za su kawo maka hujja daga addini, hujjar kuwa tana da asali. Malaman hadisi, cikinsu har da Abu Dawuda da Tirmizi, sun ruwaito daga sahabi Usamatu ɗan Sharik cewa wasu mutanen ƙauye sun tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da neman magani, sai ya umurce su da nema, ya sanar da su cewa kowace cuta tana da waraka, ya togace abu guda, shi ne tsufa. To, amma ko ɗalibin zaure ya san togaciya ba ta haɗiye asalin hukunci. Abin da aka cire shi ne tsufan kansa, watau juyawar shekaru da raunin da ke tafe da ita sannu a hankali, wanda babu likitan da zai mai da shi baya. Ba a cire yanar ido ba, ba a cire hawan jini ko gwaiwa ko ciwon suga ko tarin fuka ba, don kawai sun sauka a jikin mai shekara 70. Mu ne muka yi ta faɗaɗa togaciyar har ta cinye umurnin, hadisin da ya zo don ya zaburar da mutane zuwa ga magani ya zama abin da ake sallamar tsofaffi da shi. Magabata ba haka suka fahimce shi ba. Ibnul Jazzar, likitan Ƙairawan na ƙarni na 10, littafi guda ya keɓe ga lafiyar tsofaffi. Ibn Sina ya ware musu fasali a cikin Ƙanun, a kan abincinsu da barcinsu da motsa jikinsu. A nan ƙasarmu kuwa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin mulki da na yaƙi, ya sami sukunin yin talifi a kan ciwon ido da basir, waɗanda manya ne suka fi kuka da su.

Bari mu ɗan daɗe a kan ido, domin a nan ne ɓarnar ta fi fitowa fili, a nan ne kuma ake da ƙididdiga mai ƙarfi. Tsakanin 2005 da 2007 an yi binciken makanta na ƙasa baki ɗaya, aka duba idon mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama a dukkan shiyyoyin Nijeriya, aka tarar kashi 4.2 cikin 100 nasu makafi ne. Amma rabon bai zo daidai ba, domin a tsakanin masu shekara 40 zuwa 49 bai kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, a wajen waɗanda suka kai 80 kuwa ya kusa mutum ɗaya cikin kowane huɗu. Wanda ya tsaya a nan zai ce, to ai ga shi, shekaru ne ke kawo makanta. Sai dai binciken ya ci gaba ya nuna cewa kashi 84 cikin 100 na makantar nan iri ce da ake iya hana aukuwarta ko a warkar da ita, kuma yanar ido ita kaɗai ta ɗauki kashi 43. Yanar ido kuwa aikinta a yau bai kai rabin sa'a ba a hannun gwani: ba a sa mutum barci, zafin idon kawai ake kashewa, a cire ƙwayar da ta yi fari, a sa ta roba a gurbinta, washegari a buɗe bandeji. Kano ba ta rasa masu wannan aiki ba. Asibitin ido na ECWA yana nan tun shekarun 1940, ga asibitin Makka, ga sassan ido na Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano. Amma tsohuwar da ke wani ƙauye a bayan Riruwai, wadda ta daina gane jikokinta sai ta murya, ba ta zuwa ko ɗaya daga cikinsu, saboda tun ranar da ta fara cewa tana ganin hazo aka gaya mata haka idon manya yake yi, aka ba ta yarinya 'yar shekara tara ta riƙa ja mata sanda. Ita kuwa yarinyar, makarantarta ta ƙare ke nan.

In ma an motsa, sau da yawa ba asibiti ake nufa ba, sai wurin masu yawo ƙauye-ƙauye da tsinken ƙarfe, waɗanda ke soka ido su tura yanar ta faɗa can ciki. Binciken nan ya gano cewa cikin idanun da aka taɓa yi wa wani aiki saboda yana, sama da kashi 40 cikin 100 wannan turawa aka yi musu, kuma mafi yawansu ba su sami gani mai amfani ba bayanta. Gidan da ba zai taɓa yarda a kusanci idon jariri da tsinke ba ya yarda a yi wa kaka, bisa ƙiyasin cewa idon da ya riga ya ga duniya ba a yi asarar kome ba in ya tafi.

Haka al'amarin yake ga hawan jini, kuma a nan likitocin Turai ma sun daɗe cikin kuskuren. An yi zamani ana riƙe da ra'ayin cewa jijiyoyin da suka ƙandare suna bukatar ƙarfin bugu kafin jini ya isa ƙwaƙwalwa, don haka sauke jinin wanda ya haura 80 ganganci ne. Ra'ayi mai kama da hikima, amma zato ne da ba a gwada ba, sabili da masu gwajin magunguna su ma sun saba cire tsofaffi daga cikin mutanen da suke gwaji a kansu. Sai a 2008 aka wallafa sakamakon wani babban gwaji mai suna HYVET, wanda aka yi a kan mutum 3,845, dukkansu masu shekara 80 ko fiye, a ƙasashen Turai da Sin da Tunisiya da wasunsu, aka ba rabi maganin sauke jini, rabi kuma ƙwaya marar magani. Waɗanda suka sha maganin, mutuwa ta ragu a cikinsu da kashi 21 cikin 100, gazawar zuciya kuwa da kashi 64, har masu sa ido suka tsai da gwajin kafin wa'adinsa, don sun ga ba adalci ba ne a ci gaba da hana sauran. Tun 2020 Jihar Kano, ita da Ogun, ta shiga wani shiri na gwamnatin tarayya da Hukumar Lafiya ta Duniya na auna jini da ba da maganinsa a ƙananan asibitoci, ba sai an ga likita ba. Amma dole sai wani ya ga dacewar ɗaura abin awon a dantsen tsoho. Dattijon da ya zo da ciwon kai da jiri, aka ce masa rana ce da gajiyar noma da shekaru, gida zai koma. Bayan wata shida a wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, sai kuma a ce iska ce ta buge shi.

Akwai wani nau'i na raini da ya sa rigar ladabi, har mai yinsa ba ya gane shi. Dattijo ya shiga gaban likita tare da ɗansa, sai likita ya dubi ɗan ya ce, "Me ke damun Baba?", ɗan ya amsa, a yi ta magana a kan mutum yana zaune kamar ba ya nan, in ya sa baki ya faro labarin ciwon tun daga damina uku da suka wuce, yadda manya ke faro zance daga tushe, sai a katse shi, don layi ya yi tsawo a waje. In kunnensa ya yi nauyi bai amsa daidai ba, a ɗauka hankalinsa ne ya ragu, alhali wataƙila dattin kunne ne ya toshe shi, ko kuwa mai tambayar ya sunkuya yana rubutu. Mafi muni shi ne abin da ba za a taɓa faɗa ba muddin ɗan yana tsaye. Wane dattijo ne a Kiru zai buɗe baki gaban ɗan cikinsa ya ce fitsari yana kufce masa, ko sai ya yi nishi yake fita, ko ya ga jini a ciki? Wace gyatuma ce za ta gaya wa saurayin ma'aikaci, sa'an jikanta, a gaban matar ɗanta, cewa mahaifarta ta zazzago, ko tana ganin jini shekara goma bayan ɗaukewar al'ada, abin da likitoci ke ganin wajibi ne a bincika saboda tsoron ciwon daji? Kunya ce ke hana su, kunya kuwa ado ce, ba a neman a raba su da ita. Abin da ake nema shi ne mai dubawa ya san da zamanta, ya ce wa ɗan rakiya, "Malam, ɗan ba mu wuri," ya matso kusa, ya yi tambayar da kansa. Galibi ba ya yi, domin ya riga ya ƙudurta cewa babu abin da zai samu a jikin tsoho da ya cancanci wannan ɗawainiya.

Ba za a yi adalci ba, duk da haka, in aka ɗora laifin gaba ɗaya a kan ma'aikacin lafiya, wanda sau da yawa shi kaɗai ne a ɗakin shan magani na mazaɓa guda, shi ne mai rigakafi, shi ne mai ɗinke saran fartanya, shi ne mai rubuta kati. Babban hukuncin a gida ake yanke shi, aljihu ne kuma ke yankewa. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga hannun majinyaci da danginsa yake fita, ma'anar wannan a Tudun Wada kuwa ita ce buhun masara, ko akuya, ko ragon da ake kiwo don layya. Idan ciwo ya kama mutum biyu a gida ɗaya cikin watan Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa kuma ba a gama biyan bashin taki ba, babu wanda zai furta cewa an zaɓi yaro an bar kaka, amma kowa ya san wanda za a ɗora a babur. Sau da yawa ma tsohon ne ke sauƙaƙa musu: "Ku bar kuɗinku, 'ya'yan nan, ni ai na ci zamanina, jiran lokaci nake." Ana jin haka a ce tawakkali ne, a yaba masa; ni kuwa ina ganin wajibi ne a bambance tsakanin tawakkali, wanda malamai suka ce ba ya kore riƙo da sababi, da halin mutumin da ya auna kansa da mudun da ya ga ana auna shi da shi, ya tarar bai kai kuɗin mota zuwa Kano ba.

Wannan auna kai yana taɓa jiki, ba zuciya kaɗai ba. Wata malamar jami'ar Yale ta Amurka, Becca Levy, ta wallafa a 2002 sakamakon bibiyar mutum 660 na wani gari a jihar Ohayo fiye da shekara 20, ta tarar waɗanda ke kyautata zato ga tsufansu sun fi masu munana zato tsawon rai da kimanin shekara 7 da rabi. Ajali na hannun Allah, babu mai jayayya. Amma sababin ba ɓoyayye ba ne, domin wanda ya sallama cewa ciwonsa na shekaru ne ba ya zuwa awo, ba ya shan ƙwayarsa a kan kari, ba ya tashi ya taka, ba ya neman a sake duba shi. Kada kuma a zaci cuta ce ta ƙauye ko ta talauci. A watan Maris na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a kan wariyar shekaru, inda ta ce mutum ɗaya cikin kowane biyu a doron ƙasa yana ɗauke da ra'ayin raina tsofaffi, ta kuma kawo nazarin da ya tattara bincike 149, wanda a kashi 85 cikin 100 nasu shekarun majinyaci ne suka yanke ko a yi masa wani aiki ko a hana shi.

Su dai masu waɗannan bincike sun ƙirga nasu. Mu kuwa tsarin lafiyarmu tun daga tushe ba a gina shi da tsoho a zuci ba. Shiga ƙaramin asibiti ko'ina daga Tiga zuwa Doguwa ka dubi bango: jadawalin rigakafi, ranar awon ciki, hoton tamowa, lissafin gidan sauro. Duk waɗannan haƙƙi ne, kuma ƙasar da mata ke mutuwa wajen haihuwa kamar tamu ba a zarginta don ta fara da uwa da jariri; amma da wuya ka ga rana guda da aka ware wa tsofaffi. Hatta babban binciken lafiyar al'umma da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa, wanda gwamnati da masu ba da agaji ke tsara ayyukansu a kansa, a zagayen 2018 mata 'yan shekara 15 zuwa 49 ya yi wa tambayoyi, da maza 'yan 15 zuwa 59. Matar da ta cika 50 ba a tambaye ta kome ba. Wasu kuma sukan ji an ce tsawon rai a Nijeriya bai wuce shekara hamsin da 'yan kai ba, sai su ɗauka wanda ya kai 60 ƙari yake ci, alhali wannan adadi matsakaici ne da yawan mutuwar jarirai ya ja shi ƙasa. Wanda ya riga ya kai 60, bisa lissafin masana, yana da shekara goma sha wani abu a gabansa in Allah ya yarda, ko ya yi su yana zuwa masallaci da ƙafarsa, ko ya yi su a kan tabarma ana juya shi.

Kano ta ga sakamakon wannan gafala da idonta a watan Afrilu na 2020. Masu haƙar kabari ne suka fara magana, cewa gawawwakin da ake kawo musu sun ninka na kullum, galibinsu kuma dattawa ne. Cikin 'yan makonni aka rasa Farfesa Ibrahim Ayagi da wasu manyan malaman jami'a, ranar 2 ga Mayu kuma Sarkin Rano Tafida Abubakar Ila, wanda a lokacin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa duk suna ƙarƙashin masarautarsa, ya rasu a asibiti a Kano. Bayanin farko da hukumomin jiha suka bayar shi ne hawan jini da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙirga mutuwa 979 a ƙananan hukumomi 8 na cikin birni, cewa kashi 50 zuwa 60 cikin 100 suna iya zama masu alaƙa da cutar korona, cewa mafi yawan mamatan sun haura shekara 65, fiye da rabinsu kuma a gida suka cika. Birni aka ƙirga. Kudu ba ta shiga wannan lissafi ba. Da a ce yara 979 ne suka mutu cikin 'yan makonni a birni ɗaya, kwana nawa za a ɗauka kafin hankalin kowa ya tashi?

Mas'alar da ta fi kowace tsanani ita ce ta ƙwaƙwalwa, domin abubuwa mabambanta muke tarawa mu kira su gigin tsufa. Akwai ruɗewar da ke zuwa farat ɗaya: tsohuwar da jiya take lissafin kuɗin ƙuli-ƙulinta daidai, yau ba ta san inda take ba. Wannan a wurin likitoci alama ce ta wata cuta a jiki, zazzaɓi ko ciwon huhu ko cutar mafitsara ko ƙarancin ruwa ko sugan da ya faɗi, in aka magance sababin kuwa hankali yakan dawo. Tsoho ma yakan yi ciwon huhu jikinsa bai yi zafi ba, ruɗewar ce kaɗai shaida. Akwai ciwon damuwa, mai kama wanda abokansa suka ƙare, ya daina ci, ya daina fita dandali, a ce zuhudu ya shige shi. Shi ma yana da magani. Sa'an nan akwai cutar mantuwa ta haƙiƙa, mai tafiya a hankali cikin shekaru, wadda har yanzu ba a sami abin da ke warkar da ita ba, amma ita ma cuta ce, ba makomar kowane tsoho ba, shaida kuwa ga malaman zaure nan masu shekara 90 suna biya karatu da ka ba tuntuɓe. Mai wannan ta ƙarshen, musamman in mace ce matalauciya wadda ba ta da ɗa a kusa, tana fita tsakar dare, tana kiran sunayen matattu, tana amsa laifin da ba ta yi ba, hatsarin da ke kanta ya wuce rashin magani, domin a nan ne zancen maita ke fara yawo. Inda zancen nan ke kaiwa an gani: a farkon 2025 wata babbar kotu a Kano ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa saboda kashe wata dattijuwa mai shekara 67 a ƙaramar hukumar Wudil bisa zargin maita.

Tsohon da asibiti ya sallama da haƙuri kuwa ba zama yake yi da ciwonsa ba. Kyamis yake aikawa, ko wurin mai tallan magani ranar kasuwa, a ƙulla masa haɗin ciwon jiki a leda, diklofenak da ibuprofen da 'yan uwansu. Gwiwa takan yi sauƙi, shi ya sa ake komawa; amma ƙodar mai shekara 75 ba ta tace magani kamar ta saurayi, kuma waɗannan ƙwayoyi, in aka daɗe a kansu, suna ƙwarzane ciki har ya yi jini, suna ƙara hawan jini, suna gajiyar da ƙodar. Magini ya san tsohon soro ba a barinsa don ya tsufa, ba a kuma lafta masa ƙasa yadda aka ga dama. Yaɓen gwani yake so, daidai abin da azara za ta ɗauka.

Wannan gwaninta fanni ce mai zaman kanta a ilmin likitanci, sabuwa ce kuma a ƙasar nan. Cibiyar farko da aka gina musamman don lafiyar tsofaffi an buɗe ta ne a watan Nuwamba na 2012 a asibitin koyarwa na Ibadan, da sunan Cif Tony Anenih, kuma likitocin da suka ƙware a fannin har yanzu 'yan ƙalilan ne. A rubuce dai an yi ƙoƙari: Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa a Janairun 2018, a 2021 majalisar zartarwa ta amince da manufar ƙasa a kan tsufa, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu raunin da wani asusu na musamman zai biya wa, Kano kuma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya tun dokar 2016. Amma rajista sai an je, an yi layi, an ɗauki hoto. Wanda aka yi dokar dominsa kuwa shi ne wanda ba ya gani, ba ya hawa babur sai an riƙe shi, bai kuma taɓa jin labarinta ba.

Ba na tsammanin za a kai ƙwararren likitan tsofaffi Riruwai nan kusa, ba kuma shi ne abin da aka fi bukata ba. Wanda tsohon Doguwa ko na Kiru zai gani shi ne ma'aikacin lafiya na al'umma, irin waɗanda makarantar koyon aikin lafiya ta Bebeji ke yayewa, 'ya'yan ƙasar nan da suka san yadda ake durƙusa wa babba. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara fitar da jagora a kan duba tsofaffi a matakin farko, abin da ke cikinta kuwa bai fi ƙarfin ɗakin shan magani ba: a sa mutum ya tashi daga kujera sau biyar ba dafawa, a ga ko zai gama cikin daƙiƙa 14, a faɗa masa kalma uku, a tambaye shi su bayan ɗan lokaci, a yi masa raɗa a bayan kunne, a tambaye shi ko ya rame cikin wata ukun nan, ko abinci ya fita ransa, ko baƙin ciki ya dame shi cikin mako biyun da suka wuce. In aka ƙara da awon jini da haska tocila a ido, duka mintoci kaɗan ne, ba sa kuma bukatar lantarki. Wanda ya kasa tashi daga kujerar, ko kalmomin suka ɓace masa, ko aka ga fari a ƙwayar idonsa, shi ne za a rubuta wa takarda zuwa babban asibitin Tudun Wada ko zuwa Kano, a gaya masa sunan cutar, shi mai jikin, ana fuskantarsa, da muryar da zai ji. Sa'an nan a kira babban ɗansa a gaya masa abin da aikin zai ci, in kuwa ba na gaggawa ba ne, a sa ranar tafiyar bayan kaka, lokacin da masara ta shigo gida kuma kuɗin mota yana hannu.